Ruwan Rufin Ɗakin Inna

Zuwa ga ɗan Gwaggo, Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda kuke aikin gadar tare. Mu nan lafiya, sai zafin da ya matsa da ƙarancin ruwa. Famfon layinmu yau kwana ashirin bai ɗiga ba. Inna tana gaishe ka. Ƙafafunta sun ƙara kumbura, numfashinta kuma yakan yi sama idan rana ta take.

Direban kamfaninku ya ce waya ba ta kamawa a inda kuke, sai dai takarda sau ɗaya a mako. Hakan ya fi mini. Abin da aka rubuta ba a musunsa, ni da kai kuwa mun daɗe ba mu iya magana baki da baki ba.

Ka sani ba ni na nemi ka zana mana rufin nan ba. Inna ce ta ce ba za a ɗora kankare a kan ɗakinta ba sai yaron da ta goya ya sa hannu. Mahaifiyarka da mahaifina 'ya'yan wa da ƙanwa ne, ba ni da bakin hana ta. Na karɓi zanenka tare da takardar sharuɗɗa goma sha ɗaya, babu sallama a samanta, babu gaisuwa a ƙasanta. Fila, bim, linta, rodi mai lamba kaza, tazara kaza. Shekara ashirin ina koyar da mata karatu, ban taɓa jefa wa ɗaliba kalma na juya baya ba tare da na buɗe mata ita ba. Na tambayi kaina ko girman kai ne ya sa takardar ta yi mini zafi. Mai yiwuwa ne. Amma ko lebura ake ba umarni, ana fara yi masa sannu.

An zuba rufin ranar Asabar. Birkila ya ɗaure rodin yadda ka zana. Na tsaya a kansa da zanen a hannuna har aka gama. Sauran sharuɗɗan an yi abin da ya sawwaƙa.

Ga buƙatata. Inna tana kwance a ɗakin ajiya, wanda tagarsa ba ta fi faranti ba. Ɗakinta kuwa cike yake da sandunan da aka tokare katakon rufin da su, ko akuya ba za ta ratsa ba. Takardarka ta ce kada a cire su sai bayan kwana ashirin da ɗaya. Birkila ya ce a wannan zafin kwana goma ya isa, shekara talatin yana gini bai taɓa jiran fiye da haka ba. Ina neman ka sassauta.

Wassalam.
'Yar Kawunka.

*

Yaya Malama,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. A gaishe mini da Inna, a riƙa ɗaga mata ƙafafun a kan matashi.

Tunda darasi kike so, ga shi. Fila ita ce ƙafar gini. Bim kafaɗarsa ce, ita ke karɓar nauyin rufi ta miƙa wa ƙafa. Linta ita ce ƙaramar kafaɗar da ke saman ƙofa da taga. Rodi shi ne jijiyar da ke cikin kankare, domin kankare yana jure a danne shi amma ba ya jure a ja shi. Sandunan da suka cika miki ɗaki kuwa ɗori ne. Ba a kwance wa mai karaya ɗori don ya gaji da kwanciya. Kwana ashirin da ɗaya na rubuta, ba zan rage ko wuni ɗaya ba. Birkilanku shekara talatin yana gini, amma ba shi ke kwana a ƙarƙashin abin da ya gina ba.

Idan ɗakin ajiya ya yi wa Inna zafi, ki ba ta naki.

Akwai layi ɗaya a takardarki da bai kwanta mini ba. Kin ce sauran sharuɗɗan an yi abin da ya sawwaƙa. Na san ki, ba kya rubuta kalma a banza. Sharaɗi na bakwai ya ce a yi wa rufin ban ruwa safe da yamma har kwana goma sha huɗu. An yi? Kwana nawa aka yi?

Kada a shigar da Inna ɗakin nan sai na ce.

Injiniya.

*

Zuwa ga ɗan Gwaggo,

Assalamu alaikum. Mun gode Allah da ka samu lafiya. Inna ta kwana biyu ba ta cin abin kirki. Likita ya ce zafin ne, a nema mata wuri mai iska.

Na gode da darasin. Da ka haɗo shi tun farko, da ba a kai ga haka ba.

Ka ce in ba ta ɗakina, kamar ban yi tunanin hakan ba sai da ka aiko mini da shi daga bakin kogi. Sau uku ina roƙonta. Ta ce ita ba ta kwana a gadon 'yar da ta haifa, ɗakin da mijinta ya cika a ciki shi take so, a can za ta jira nata lokacin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nake juya ta, ni nake yi mata fifita, ni nake jin yadda ƙirjinta ke kuka.

Amma layinka na ƙarshe shi ne ya tsaya mini a wuya. Kada a shigar da Inna sai ka ce. Kai ne za ka tsaya tsakanina da uwata, ka nuna ka fi ni tsoron abin da zai same ta? Shekara tara rabon da ƙafarka ta taka gidan nan. A ɗakin nan da ake rufewa Gwaggo ta yi jinyar wata huɗu, ni na yi mata wankan jinya, ni na rufe mata ido. An aika maka sau biyu. Ka iso bayan an dawo daga maƙabarta, da ƙurar siminti a takalminka. Ban so in tono wannan ba, na kuma nemi gafarar Allah kafin in rubuta shi, amma ban goge ba.

Rufin ya bushe sarai, ya yi fari fat, an taka shi ba ya motsi. Birkila ya ce injiniyoyi a takarda suke gini, takarda kuwa ba ta san zafin rana ba. Kafinta ma yana neman katakonsa don wani aiki. Idan direbanku ya zo ranar Alhamis babu wata hujja daga gare ka wadda ta wuce "na ce", zan sa a cire sandunan.

Wassalam.
'Yar Kawunka.

*

Zuwa ga ɗan Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta hana ka amsa. Alhamis ta zo ta wuce, ba direba, ba takarda. Na ɗauki shirunka a matsayin amsa, irin wadda ka saba ba mu.

An cire sandunan ranar Asabar, kwana goma sha huɗu cif da zubawa. An share ɗakin, an mayar da gadon Inna inda yake tun ina yarinya, kusa da taga. Ta yi barcin da rabonta da shi tun farkon aikin nan. Da ta farka ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce shekara hamsin tana ƙarƙashin kwano mai yoyo, yau ga shi an ɗora mata dutse a ka tun ba ta mutu ba. Ta yi dariya har da tari.

Abu ɗaya zan ambata, don kada a ce na ɓoye. Akwai 'yan tsage-tsage a cikin rufin, sirara kamar gashin kai, uku daga cikinsu sun haɗu a tsakiya. Kullum da safe kuma nakan karkaɗe wani gari mai laushi daga shimfiɗar Inna. Birkila ya ce haka sabon gini yake yi, filasta za ta rufe komai, ranar Asabar mai zuwa zai zo ya shafe. Ba shawararka nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Wassalam.

*

Yaya,

Motar ta karye a hanya, ta yi kwana tara a garejin wani ƙauye. Takardunki biyu yau suka iso tare. Na ɗauki hayar mai babur ya kawo miki wannan, kada ki tsaya ba shi ruwa kafin ki karanta.

Ki fitar da Inna daga ɗakin nan yanzu. Ko tana kuka, ko tana zagi, a ɗauke ta. A mayar da sandunan, a tokare tsakiya tukuna. Kada birkila ya shafa ko cokali ɗaya na filasta. Filasta kwalliya ce, ba ta ɗaukar nauyi, ɓoye miki ciwon kawai za ta yi.

Bayan haka ki yi abu uku da hannunki, ba da hannun birkila ba. Ki hau sama da ƙusa ki karta rufin da ƙarfi, ki ga ko ƙusar za ta zame ko za ta yi rami. Ki kewaye inda tsagar take da yashi, ki zuba bokitin ruwa, ki sauko ki tsaya daga bakin ƙofa ki duba. Sannan ki ja zare daga bango zuwa bango a ƙarƙashin rufin, ki ga ko tsakiyarsa ta sauko.

Kin ce ya bushe ya yi fari fat, kina yabonsa. Wannan kalmar ce ta sa na nemo mai babur. Sau ɗaya na tambaye ki batun ruwa, kika amsa mini da gawar mahaifiyata.

To, bari in amsa. Ranar da aka aiko mini, muna tsakiyar zuba ƙafar gada. Idan aka tsaya a rabi, sai a bar gaɓa mai rauni a inda dubban mutane za su bi ta kai. Babu wani injiniya a wurin sai ni. Na zaɓa, ban kuma taɓa cewa na zaɓi daidai ba. Ke kuma kika tsaya a gaban masu zaman makoki kika ce siminti ya fiye mini uwa. Ba wanda ya manta, har ni.

Yau taki uwar ce a ƙarƙashin siminti. Zan ga abin da ya fiye miki, ita ko kunyar amsa tambayata. An yi ban ruwan ko ba a yi ba?

Injiniya.

*

Zuwa ga ɗan Gwaggo,

Assalamu alaikum. Inna tana ɗakina, lafiyarta da sauƙi. Mu huɗu muka ɗauke ta a kan katifa tana cewa mun mayar da ita buhun hatsi. Ni na koma ɗakin ajiya. An mayar da sandunan kafin la'asar.

Ba a yi ban ruwan ba. Sau ɗaya aka yi, shi ma ban bari an gama ba.

Ga yadda abin ya faru. Washegarin zubawa na fito da safe na tarar da leburori suna ɗiba daga tankin da aka cika saboda aikin, suna sheƙawa a kan rufin. Ruwan yana gangarowa ta jikin bango yana bin kwata. A ƙofar gida kuwa mata ne tsaye da jarkoki, sun dawo daga famfo ba ko ɗigo, cikinsu har da maƙwabciyarmu mai jego, kwana shida da haihuwa, ba ta da abin wanke tsumman jariri. Tun ina ƙarama aka koya mini cewa ko a bakin kogi mutum yake alwala ba a yarje masa ɓarnar ruwa ba. Abin da nake karantar da ɗalibaina ke nan. Na ce a dakata. Birkila ya ce, "Malama, sha yake yi fa." Na ce masa dutse ba ya jin ƙishirwa, mai jego ce ke ji. Ya ɗaga kafaɗa. Na buɗe wa matan tankin. Cikin kwana uku ya ƙare.

Tun da takardarka ta zo nake binciken niyyata, na kuma same ta kashi uku. Akwai tausayi, wannan ba zan ƙaryata shi ba. Akwai daɗin da na ji lokacin da matan ke ɗaga hannu suna sa mini albarka, har na tsaya a bakin ƙofa fiye da yadda ya kamata don in ji da kyau. Na uku shi ne mafi muni. Na san sharaɗi na bakwai, na haddace shi. Na ji daɗin karya shi saboda kai ka rubuta. Ban san wanne ne ya fi nauyi a cikin ukun ba, Wanda zai auna ya sani. Abin da na tabbatar shi ne, lokacin da na rubuta maka "an yi abin da ya sawwaƙa", na zaɓi kalmomin ne don kada su zama ƙarya kuma kada su zama gaskiya. Ni da nake hana ɗalibai irin wannan.

Na yi gwajin uku. Ƙusar ta shiga kamar ana kartar busasshen sabulu. Zaren ya nuna tsakiyar ta sauko da kaurin yatsa biyu. Ruwan bokitin kuma, kafin in gama saukowa daga tsani ya fara ɗiga a ciki. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. A daidai inda matashin Inna yake kwana biyar, nan yake sauka.

Birkila har yanzu yana cewa a ƙara fila ɗaya a tsakiyar ɗaki a shafe sauran, ba wanda zai sani. Na ce masa ni na sani.

Kada ka ɗauka na zo neman tausayinka. Hukunci nake nema. Me za a yi?

'Yar Kawunka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin Inna ta fita. Ki ce mata buhun hatsi ma ba a ajiye shi inda ke yoyo.

A fasa rufin gaba ɗaya. Filoli da bim ɗin da aka zuba tun farko ba abin da ya same su, a bar su. A fasa daga tsakiya zuwa gefe, sandunan suna tsaye, kada kowa ya shiga ƙasa. Abokin aikina zai zo ya duba rodin ya tsaya a kan sabon zubin.

Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, Yaya. Nuna yake yi a hankali, ruwan nan kuwa shi ne abin da yake nuna da shi. Idan rana ta shanye ruwan tun yana ɗanye, sai ya tsaya a inda yake, fuska fari ciki gari. Birkila ya san ana yi, bai san dalili ba, shi ya sa kika fi shi baki.

Ba a kuma buƙatar tanki guda. A shimfiɗa tsofaffin buhuna ko zannuwa a kan rufin, a jiƙa su, a lulluɓe da leda, a danne gefen da bulo. Bokiti huɗu safe, huɗu yamma, sun isa. Kowane ruwa zai yi in dai babu sabulu ko mai a cikinsa. Na san wannan tun ranar da na rubuta sharuɗɗan. Layi uku ne da na ƙara, da mai jegon ta samu ruwa, rufin ma ya samu. Ban ƙara ba ne saboda ban so in yi miki doguwar magana. Wannan nawa ne, ba zan ɗora miki ba. Naki ma ya ishe ki.

Ranar cire sanduna zan zo. A wurinmu, wanda ya zana shi ke fara tsayawa a ƙarƙashi idan ana cirewa. Ba don ke zan zo ba.

Injiniya.

*

Zuwa ga ɗan Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Inna ta fara zama da kanta, jiya har ta nemi a taje mata kai.

An fasa. Kwana biyu ana dukan rufin da guduma, kowane bugu kamar a ƙirjina, unguwa duka ta fito kallo. Duk wadda ta tambaye ni na faɗa mata dalilin yadda yake, har da kashi na uku. An sake zubawa a gaban abokin aikinka. Yau kwana goma sha ɗaya.

Famfo bai dawo ba. Matan da suka kwashe tankin su suka kawo tsofaffin zannuwansu, kowace kuma tana tara ruwan alwalar gidanta a roba ta aiko. Mai jegon nan ita ke fara zuwa. Ni nake hawa tsanin da kaina safe da yamma, gwiwoyina suna ƙara, Inna tana leƙowa ta taga tana cewa ba ta taɓa ganin wanda ya yi wa ɗaki wankan jego ba sai ni. Idan na ɗaga ledar, kankaren yana nan duhu, da sanyi a tafin hannu. Na gwada ƙusa a gefe. Ta zame.

Ban janye maganata a kan takardar da ba sallama ba. Har gobe rashin ladabi ne. Amma akwai abin da na riƙe shekara tara wanda ba nawa ba ne. Kwana biyu kafin Gwaggo ta cika, ta ji ana shirin aika maka, ta kama hannuna ta ce, "Kada ku taso shi daga aikinsa, mutane ne za su bi ta kai." Ni na saɓa mata na aika, ni kuma na tsaya a gaban jama'a na faɗi abin da na faɗa, alhali maganarta tana kunnena. Na gaji ne a lokacin, na nemi wanda zan sauke wa. Wannan bayani ne, ba uzuri ba. Ba na cewa ka yafe. Idan ka ga dama ka riƙe, haƙƙinka ne.

Kwana ashirin da ɗaya za su cika ranar Asabar ta sama. Na gaya wa kafinta ko ƙusa ɗaya kada ya zare sai ka iso, ko da motarku za ta sake kwana tara a hanya. Ka ce wanda ya zana shi ke fara tsayawa a ƙarƙashi. Ka zana, amma ni na shayar. Za ka tarar da ni a tsakiyar ɗakin, sai ka nemi wuri a gefena. Ka yi sallama kafin ka shigo.

Wassalam.
Yayarka.